Kyanwa mai ciwon mafitsara: abin da za a ba ta da abin da za a hana ta

 Yau za mu ɗan ajiye maganar yara da masu juna biyu, mu leƙa wajen wata 'yar gida da ba ta da bakin faɗin abin da ke damunta, wato kyanwa, ko mage, ko kuliya, gwargwadon yadda ake kiranta a garinku. Gidajenmu da yawa akwai ta. Wata saboda ɓera aka kawo ta, wata yara ne suka tsinto ta tana 'yar jaririya, wata kuma kuɗi aka sa aka sayo irin mai dogon gashin nan. Ko ta wace ƙofa ta shigo, tunda ta zauna a gidanki, cinta da shanta sun hau wuyanki. Dukanmu mun san hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nemi na kanta ba.

Kyanwa dabba ce mai tsabta. Tana da wurin da take zuwa ta yi fitsari ta binne abinta. To idan kika wayi gari ta fara tsula fitsari a kan katifa, ko a kan tayil, ko a cikin bahon wanka, kada ki yi saurin ɗaukar tsintsiya. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa zafin fitsari ne ya sa ta tsani wurin da ta saba, take neman wuri mai sanyi ko mai laushi. Ki zuba mata ido kwana ɗaya, ki ga ko akwai waɗannan alamomi: yawan zuwa wurin fitsari tana yin ɗigo-ɗigo, daɗewa a tsugune tana yunƙuri, kuka lokacin da take yi, jini ko ja-ja a cikin fitsarin, da yawan lasar gabanta ko ƙasan cikinta har gashin wurin ya zube. Lafiyayyar kyanwa takan yi fitsari sau 2 zuwa 4 a rana, ta yi shi a natse ta tashi. Wadda ke zirga-zirga sau goma tana barin ɗan danshi kamar kwabo, mafitsararta ce ke ciwo.

Kafin maganar abinci, a duba muzuru

Akwai yanayi guda da abinci ba zai yi masa komai ba, kuma shi ne ke kisa. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce kuma siririya, ba kamar ta macen kyanwa ba. 'Yar tsakuwa, ko dunƙulen majina da ɓurɓushin gishiri, tana iya toshe ta ƙam. Idan haka ta faru fitsari zai yi ta taruwa a mafitsara, ƙoda ta daina tace jini, wani sinadari da ake kira fotasiyom ya yi yawa a jiki har ya tsayar da zuciya. Cikin kwana 2 zuwa 3 muzurun zai iya mutuwa, wani ma ba ya kai haka.

Alamarsa ita ce yana tsugunawa yana nishi amma babu abin da ke fita. Mutane da yawa sukan zaci kashi ne ya ƙi fita, su ɗura masa man ja ko man zaitun su jira gobe. Bayan kamar kwana ɗaya sai ya fara amai, ya ƙi abinci, ya ɓuya a ƙarƙashin gado, jikinsa ya yi sanyi. Idan kika taɓa ƙasan cikinsa a hankali za ki ji wani ƙullutu mai tauri kamar lemo. Kada ki matsa, mafitsarar na iya fashewa. Ki sa shi a kwando ko kwali mai huji a nufi asibitin dabbobi a ranar, ko da dare ne a nemi likita ta waya. A can za su sa masa barci, su zura masa siririyar robar fitsari, su yi masa ƙarin ruwa, kamar dai yadda muke yi wa dattijon da fitsari ya tsaya masa a asibitin mutane. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha a manyan garuruwa, kuma jami'o'in Ahmadu Bello ta Zariya, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi. Ki nemi lambar likita ɗaya ki ajiye a wayarki tun lafiya lau.

Me ke kawo ciwon?

Mu mata da mun ji zafin fitsari sai mu ce sanyi ne, a nufi kemis. A wajen kyanwa lissafin daban ne. Ƙwayoyin cuta ba su cika zama sanadi ba ga kyanwar da ke da ƙuruciya. An fi samunsu ga tsofaffi, waɗanda suka haura shekara 10, ko masu ciwon ƙoda ko ciwon suga. Abin da ya fi yawa, fiye da rabin masu wannan matsala, shi ne kumburin mafitsara wanda babu ƙwayar cuta a cikinsa kuma babu tsakuwa, wanda ke tashi idan hankalin kyanwa ya tashi. Yakan lafa cikin kwana 5 zuwa 7, ya kuma dawo bayan wani lokaci. Sai kuma tsakuwa, wadda ta kasu gida biyu manya.

Ta farko likitoci na kiranta siturubayit. Daga sinadaran maganiziyom da fosforas da amoniya take haɗuwa. Ta biyu ita ce kalsiyom okzalet. Bambancinsu yana da muhimmanci ƙwarai, kuma kowace mai girki za ta gane shi cikin sauƙi. Kin san yadda ake jefa kanwa a yakuwa ko a zoɓo don ta kashe tsami. Fitsarin lafiyayyar kyanwa mai cin nama yana da ɗan tsami kaɗan, kuma wannan ɗan tsamin ne ke hana tsakuwa ta farko haɗuwa. Idan tsamin ya mutu, fitsarin ya koma ɓangaren kanwa, sai siturubayit ta samu wurin zama. Abin daɗin shi ne ita wannan ana iya narkar da ita da abinci na musamman cikin 'yan makonni. Ta biyun kuwa fitsari mai tsami da yawa ta fi so, kuma babu abincin da ke narkar da ita, sai dai a yi aiki a cire.

Wannan ne ya sa ba a yin kame. Wata za ta ji an ce tsami na narkar da tsakuwa, ta dinga ɗura wa kyanwarta ruwan tsamiya ko lemon tsami ko ƙwayar bitamin C. Idan tsakuwar ta biyu ce, ta ƙara mata taki ke nan. Likitan dabbobi ne zai auna fitsarin, in ta kama ya ɗauki hoton ciki, ya faɗa miki wacce ce. In za ki tafi da fitsarin, ki zuƙo shi da sabon sirinji daga kan tayil ko faranti mai tsabta, ki kai shi da wuri, domin wanda ya daɗe a ajiye yana ba da sakamakon da ba daidai ba.

Amma akwai abu ɗaya da ke taimakon dukkan waɗannan nau'o'i, ko kumburi ne, ko tsakuwa ta farko, ko ta biyu. Shi ne ruwa.

Kyanwa ba ta jin ƙishirwa kamar mu

Kakannin kyanwar gida kyanwar daji ce ta busassun ƙasashen Afirka ta Arewa da Gabas ta Tsakiya. A can babu tafki a kowace kusurwa, don haka Allah ya yi ta da ƙoda mai tsimin ruwa, kuma mafi yawan ruwan da take samu daga jikin abin da ta kama yake fitowa. Ɓera kusan kashi 70 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Kyanwar da ta ci ɓera ta ci ta sha ke nan a lokaci guda. Shi ya sa har yau ba ta da himmar zuwa wajen kwanon ruwa, kuma fitsarinta yake da kauri da ƙarfin wari.

Ki ɗauki kofi biyu, ki zuba gishiri cokali uku a kowanne. Ɗaya ki sa masa ruwa kaɗan, ɗaya ki cika shi. A na farko gishirin zai kwanta a ƙasa, a na biyu zai narke. Haka mafitsara take. Fitsari mai kauri da ya daɗe a ciki shi ke tara ɓurɓushi ya kuma ƙona bangon mafitsara. Mai ruwa-ruwa da ke fita akai-akai wanke ta yake yi.

Kyanwa na buƙatar kimanin mililita 50 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinta a rana. Mai kilo 4 ke nan tana son kusan mililita 200, wato ƙasa kaɗan da rabin ledar fiya wata. Wannan ya haɗa da ruwan da ke cikin abinci. Busasshen abincin kyanwa na buhu, mai kama da cincin, ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Na gwangwani ko na 'yar leda mai romo yana da kashi 75 zuwa 80. Kyanwar da ke kan busasshen abinci zalla za ki ga tana shan ruwa, amma abin da take sha ba ya cike giɓin. Ga kuma zafinmu na watan Maris zuwa Mayu, lokacin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, ga bushewar hunturu. Saboda haka dabarar ita ce a ɓoye ruwan a cikin abinci, kada a zauna jiran ta je ta sha.

Idan busasshen abinci take ci, ki fara zuba masa ruwan ɗumi cokali ɗaya ko biyu, kullum kina ƙarawa, har ya kai ruwa da abinci daidai wa daida. Idan da hali ki mayar da ita kan mai romo gaba ɗaya, ko aƙalla rabi da rabi. Ki tafasa kaza ko nama da ruwa zalla, babu gishiri, babu magi, babu albasa, ki tace romon ki zuba a robar ƙanƙara ki sa a firji. Kullum ki narkar da guda ɗaya ko biyu ki zuba mata a abinci ko a ruwan sha. Da za ki ɗora sanwa, ki ɗebe mata nata kason kafin ki zuba kayan ƙamshi, ba wani aiki ba ne daban.

Wurin ajiye ruwan ma yana da tasiri. Ki sa kwano biyu ko uku a wurare daban-daban na gidan, a inuwa, nesa da kwanon abinci kuma nesa da wurin da take bayan gida. Ta fi son kwano mai faɗi wanda gashin bakinta ba ya gogar gefensa, kuma a cika shi taf. Kaskon ƙasa ya fi roba, yana sanyaya ruwa. A sauya ruwan safe da yamma, a wanke kwanon kullum. In kina da irin mai son lasar bakin famfo ko gindin randa, ki ƙyale ta, ruwa ne dai ke shiga.

Ragowar tuwo da miya

A mafi yawan gidajenmu abincin kyanwa shi ne abin da ya rage a kwano. Lafiyayyar kyanwa da ke fita ta kama ɓera da ƙadangare takan rufa wa kanta asiri da abin da ta farauto. Wadda ke kulle a gidan sama, ko wadda ta riga ta kamu da ciwon mafitsara, ragowar abincinmu cutar da ita yake yi, ta hanyoyi da dama.

Na farko, kyanwa maciyar nama ce zalla. Tuwo, shinkafa, taliya, wake da burodi suna cika mata ciki, amma abincin hatsi da ganye yana rage tsamin fitsari, nama kuma yana ƙara shi. Na biyu, kanwa. Muna sa ta a miyar kuka, a kuɓewa, a karkashi, a ɗanwake, a dafa-dukan wake, kuma aikinta ke nan kashe tsami. Kyanwar da likita ya ce tana da siturubayit a nisanta ta da duk abincin da aka sa wa kanwa. Na uku, albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko na gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa har jininta ya ƙare. Babu miyarmu da ba ta da albasa, kuma dunƙulen magi da garin yaji ma sukan ƙunshe ta. Na huɗu, alayyahu yana da okzalet mai yawa, don haka miyar ganye ba ta dace da mai tsakuwa ta biyu ba.

Sai busasshen kifi. Na san nan ne za a ce na taɓo wuri mai ciwo, domin kan banda da ƙananan busassun kifaye su ne gatan da muke yi wa kyanwa. Matsalar ita ce an ƙafe ruwan jikinsu, an bar ƙaya da ƙashi cike da maganiziyom da fosforas da kalsiyom, waɗanda su ne tubalan ginin tsakuwa, wani kuma ga gishiri. Ga mai ciwon mafitsara a daina shi. Haka kilishi, tsire da balangu, saboda yaji da gishiri da albasa. Kifin gwangwani na mutane ma gishirinsa da mansa sun yi mata yawa.

Madara ba ta maye gurbin ruwa. Yawancin manyan kyanwoyi cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ta sa su zawo, zawo kuma ya ƙara ƙafe ruwan jiki. Abincin kare shi ma ba na kyanwa ba ne, ko da kuwa buhunsa ya fi araha.

To me za a ba ta?

Idan likita ya tabbatar da tsakuwa ko ɓurɓushinta, zai iya rubuta abinci na musamman da aka haɗa don mafitsara, irin su Royal Canin Urinary S/O ko Hill's c/d. An rage musu maganiziyom da fosforas, an kuma daidaita su yadda tsamin fitsari zai tsaya a inda ake so. Ana samunsu a shagunan kayan dabbobi na manyan birane, kuma suna da tsada, wannan ba a ɓoye yake ba. Sharuɗɗansu uku ne. Ana ba da su ne su kaɗai, domin idan kina haɗawa da kan kifi da ragowar miya kin zubar da kuɗinki. Ba a ba wa 'yan jarirai, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai ciwon ƙoda sai da izinin likita. Sannan a koma a sake auna fitsari ko a sake hoto a lokacin da likita ya sa, don a ga ko tsakuwar ta narke. In akwai zaɓi tsakanin busasshe da mai romo, ki ɗauki mai romo. In busasshen kaɗai kika samu, ki jiƙa shi.

Idan aljihu bai kai nan ba, ko kuwa likita ya ce kumburi ne kawai, dafaffen abincin gida mai romo ya fi ragowar tuwo nesa ba kusa ba. Ki yi magana da mai kaji ko mahaucinku ya dinga tara miki zuciya da ƙundu da guntattakin tsoka. Zuciya tana da wani sinadari mai suna tawurin wanda jikin kyanwa ba ya iya samar da isasshe, rashinsa kuma yana kawo makanta da ciwon zuciya. Yana fita a cikin ruwan dahuwa, don haka kada ki zubar da romon. Hanta a ba ta kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako, yawanta na sa bitamin A ya taru ya lalata ƙashi. Dafaffen ƙwai yana da kyau. Sabon kifi a dafa shi a cire ƙaya, a ba ta jefi-jefi. Ƙashin kaza dafaffe kuwa a'a, yana tsagewa ya soki hanji. In ya zama dole a ƙara auki da shinkafa ko tuwo, ya zama ɗan kaɗan, wanda miya ba ta taɓa ba, a dama shi da romonta.

Sai dai a sani, tsoka zalla ba ta da isasshen kalsiyom da wasu sinadarai. Na 'yan makonni babu laifi, amma in a kansa za ta zauna, ki tambayi likitan dabbobi abin da za ki riƙa ƙara mata da kuma adadinsa.

A raba abincin gida uku ko huɗu a rana, kaɗan-kaɗan, ya fi a jibge mata sau ɗaya. Abinci mai romo ba ya jure zafinmu, abin da ba ta cinye ba bayan rabin awa zuwa awa ɗaya a ɗauke. Wanda aka ciro daga firji a ɗan ɗumama shi, ƙamshin ne ke jawo ta. A kuma lura da ƙiba. Kyanwa mai teɓa, wadda ba ta motsi, ta fi kamuwa da ciwon mafitsara. Ki shafa gefen ƙirjinta, ya kamata ki ji haƙarƙarinta ba tare da kin danna ba. In ba ki ji ba, a rage mata a hankali, a sa yara su dinga ja mata zare ko gashin kaza tana bi.

Sauya abinci sai da haƙuri

Kyanwa tana da taurin kai a kan abin da ta saba. Kwana biyu na farko ki sa kashi ɗaya na sabon abinci a cikin kashi uku na tsohon. Kwana biyu na gaba rabi da rabi. Sannan uku da ɗaya, har ki kai ga sabon zalla cikin mako guda ko kwana 10. Wata sai ta ɗauki wata guda. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, a nan kuwa dutsen ma muke son narkarwa.

Kada ki ce bari yunwa ta koya mata hankali. Wannan dabarar tana iya aiki ga yaron da ya ƙi tuwo, amma kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta ya zama wani ciwon mai kisa. In ta yi kwana ɗaya cur ba ta sa komai a baki ba, a koma mata da abin da ta saba, a kira likita.

Maganin mutum ba na kyanwa ba ne

A nan zan yi magana da babbar murya, don aikina na jinya ya nuna mini yadda hannunmu ke saurin kaiwa ga kwalin magani. Farasitamol, wanda muke kira Panadol, guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta da abin da ke warware shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta, kuma na ruwa da ake ba jarirai ma bai tsira ba. Jininta zai kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya gagara. Ibufurofen da dikulofenak kuma ƙoda suke lalatawa su ƙwaƙule ciki, ga dabbar da dama hanyar fitsarinta ke cikin wahala. Ragowar maganin sanyi na ƙwayoyin cuta shi ma ba zai yi amfani ba tunda galibi babu ƙwayar cutar. Haka jiƙe-jiƙen sassaƙe da ruwan kanwa. Garin neman gira kada a rasa ido. Akwai maganin rage zafi da aka yi don kyanwa, likitan dabbobi ne ke ba da shi gwargwadon nauyinta. A ja wa yara kunne su ma, don sau da yawa tausayi ne ke sa yaro ya ɓallo ƙwaya ya ba ta.

Kwanciyar hankali ma abinci ce

Tunda nau'in da ya fi yawa da tashin hankali yake tafiya, romo kaɗai ba zai wadatar ba. Abubuwan da ke firgita kyanwa a wurinmu ba komai ba ne: taron biki ko suna, baƙin da suka cika gida, tashi zuwa sabon gida, zuwan jariri, ƙarar janareto, yaran da ke jan wutsiyarta, ko wani muzurun unguwa da ke haurowa ta katanga ya cinye mata abinci. Ki ware mata wani lungu ko saman kabad inda ba mai taɓa ta. Kwanon abincinta ya kasance a wuri mai shiru, a lokaci ɗaya kullum. In kyanwoyin biyu ne, kowacce da kwanonta, nesa da juna. In za ku yi tafiyar Sallah ko biki, kada a kulle ta da kwano ɗaya na ruwa, a bar wa maƙwabciya makulli.

Wadda ba ta fita waje a tanadar mata faffaɗan baho da yashi mai laushi. Ƙa'idar ita ce baho ɗaya ga kowace kyanwa, da ƙarin guda ɗaya. A kwashe ƙazantar kullum, domin in wurin ya yi datti riƙe fitsarin take yi, riƙewar kuma ita ce ba a so. Kwashewar kullum za ta kuma nuna miki yawan fitsarin da take yi da launinsa.

Mai juna biyu ta bar wa wani aikin kwashe yashin. Kashin kyanwa yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta mai suna tokzofilasma, wadda ke iya illata ɗan da ke ciki. Ƙwayar tana buƙatar kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewa kullum ke rage haɗarin. In babu mai yi sai ke, ki sa safar hannu ko leda, ki wanke hannu da sabulu. Dafa wa kyanwa nama maimakon ba ta ɗanye yana rage yiwuwar ta ɗauko cutar tun farko. Ba sai an kori kyanwa daga gida don an samu ciki ba.

Wannan ciwo yana da halin dawowa, musamman ga muzurun da ya taɓa toshewa, kuma makonnin farko bayan an sallamo shi su ne mafi haɗari. Don haka ko ta warware kada a koma gidan jiya. Romo ya zama al'ada, kaskon ruwa kada ya bushe, ido kuma ya kasance a kan yashin. Ki ba ɗaya daga cikin yaranki aikin cika kaskon safe da yamma, ki nuna masa yadda zai duba ko ta yi fitsari. Yaron da ya saba lura da ƙishirwar dabbar da ba ta magana, gobe shi ne zai lura ƙaninsa bai sha ruwa ba a ranar zazzaɓi.

Allah ya ba mu lafiya da mu da iyalanmu da abin da muke kiwo, ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.